Na'urar da Ta Ƙi Barin Aberdeen

Wankan jego kwana arba'in ne. Haka Malam Mordecai ya sani, haka ma duk wanda ya taɓa ganin tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya. Amma da alama a Aberdeen ba a ƙirga kwana yadda ake ƙirga shi a Samaru. Matarsa Janet ta tafi yi wa 'yarsu Hephzibah wanka tun kafin ruwan farko ya sauka, ga shi damina tana tattara kayanta, jariri har ya fara haƙori yana cizon mutane, ita kuwa ba ta gama ba. Daɗin daɗawa, Hephzibah ta fara maganar wasu takardu da za su ba uwarta damar zama sai abin da hali ya yi.

Laifin bakinsa ne. Ranar tafiyar, a tasha, gaban 'yan rakiya daga Zumuntar Mata, ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Ki zauna har ki gaji. Ni ba yaro ba ne." Matan suka yaba masa. Shi ma ya yaba wa kansa har zuwa Kwangila. Daga nan ne ya fara jin gidan da zai koma ya yi masa girma.

Tsohon malamin labarin ƙasa ne, ya yi ritaya. Ya koya wa yara inda kowane kogi yake tasowa da inda yake ƙarewa, amma bai san inda ake ajiye daddawa a gidansa ba sai bana. Yakan kwana a gefensa na gado, ya bar ɗaya gefen a gyare kamar ana jiran sufeto. Kullum da yamma Janet takan bugo waya ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Ta tambaye shi ko akwai wata damuwa, ya ce damuwar me? Sai ta ce to madalla, ta juya wayar ya ga jikansa yana dalalar da miyau.

Cikin watan Satumba sai ga Julius, wani ɗan cocinsu da ya je taro can, ya iso da kwalaye uku da ciwon baya.

"Baba, Mama ta ce a ba ka, wai ka samu abin yi."

Na'urar hangen taurari ce ta surukinsa Brian, wanda ya sayi sabuwa yana neman inda zai kai tsohuwar. Akwai farin bututu mai kaurin turmi, da ƙafafu uku na ƙarfe, da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ake ratayawa a sanda don kada bututun ya rinjaya. Amma abin alfaharin shi ne kan da ke tsakani, wanda yake da inji da kwamfuta a cikinsa, da ɗan rimot mai igiya. Brian ya aiko da dogon bayani ta waya cikin Turancinsa mai kama da kurkurar baki. Abin da Mordecai ya tsinta a ciki shi ne: ka fuskantar da ƙafar da aka yi wa alama arewa, ka gaya wa rimot kwanan wata da lokaci, sannan ka zaɓi abin da kake son gani. Ita da kanta za ta juya ta nemo shi, ta kuma riƙa binsa a hankali yadda sama take juyawa, har kyamara ta samu lokacin shan haske ta fitar da hoto.

"Wato an yi injin da ke bin abu ba ya gajiya," Mordecai ya ce wa Janet. "Turawa sun rasa aikin yi."

"Kai da kake da aikin yi, ka ɗauko mini hoton wata."

Ya ce zai duba in ya samu sarari. Kafin ta kashe wayar ya riga ya yanke igiyar kwali na biyu.

Ya kafa ta a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da bishiyar gwaba, ya jona mata batirin tsohuwar motarsa. Bayan faɗuwar rana, masu wuta suka yi abin da suka fi iyawa, unguwa ta yi duhu, karo na farko a rayuwarsa ya sa musu albarka. Rabin wata yana can sama tsakanin gizagizai, ko makaho ya ji ɗuminsa. Rimot ya kunna 'yan jajayen rubutunsa ya fara tambayoyi. Mordecai ya yi abin da kowane ɗan ƙasa nagari yake yi idan inji ya tare shi da tambaya, wato ya yi ta danna “to” har a sake shi. Ya tsaya kawai ya sa kwanan wata da lokaci, ya zaɓi wata.

Na'urar ta yi ƙugi mai daɗin ji, kamar keken ɗinki sabo. Bututun ya tashi da nutsuwa, ya karkata, ya wuce wata ko kallo bai ishe shi ba, ya gangara kudu, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya daidai saitin tagar benen maƙwabciyarsa Keziya.

Ya kashe ya sake kunnawa. Tagar Keziya. Washegari ma can ta nufa, sai dai ta ɗan matsa gefen tankin ruwa. Ya gwada wasu taurari da rimot ya lissafa, kowanne ta nuna masa wani wuri da babu komai sai baƙin sama, ko katanga. Da ya ga dama da ya sassauta ta ya tura bututun da hannu, ga wata nan a fili. Amma mutumin da aka aiko wa inji mai kwamfuta daga Turai ba zai koma turin hannu ba kamar mai baro.

Keziya gwauruwa ce, mijinta ya rasu da jimawa, kuma ita ce ma'ajin sirrin Zumuntar Mata, ma'ana duk abin da ta ji da safe kafin la'asar ya zagaya Samaru. Ta shigo rana ta huɗu da kwanon paten acha a hannu.

"Malam, sannu da aikin bindiga."

"Ba bindiga ba ce, Maman Clara. Wata nake nema."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta sauke ta dube shi. "Ikon Allah. Da can a sama muka san shi."

"Injin ne yake da matsala."

"Ai kuwa. Ni dai na sa labule mai kauri, kada injin ya wahala." Ta ajiye kwanon. "A ci da zafi. Namiji shi kaɗai a gida, ba abin da ba ya faruwa."

Bai yi mamakin isar labarin Aberdeen ba, ya dai yi mamakin saurinsa. Ya shirya bayani, ya shirya rantsuwa, har a can ƙasan zuciyarsa ya shirya jin daɗi, don ya tabbata mace in ta ji irin wannan, jirgi na gaba za ta hau. Da wayar ta shigo sai ya ji Janet tana dariya har da tari.

"Baban Zibah! Wai leƙe ka koma? Kai?"

"Ƙarya ake yi mini."

"Na sani mana. Na ce wa Keziya ta kwantar da hankalinta, mutumin da na yi sabon kitso ya yi mako bai gani ba, ina zai hango ta daga tsallaken katanga?"

Ya yi dariya shi ma, don ba a bar shi da wata hanya ba. Bayan ta kashe ya zauna a kujerar roba kusa da na'urar, ya daɗe. A duniya akwai wulaƙanci iri-iri, amma a ce an kai ƙararka wurin matarka ta wanke ka nan take, wannan sai wanda ya ɗanɗana.

Ruwan ƙarshen damina ya hana shi fita 'yan makonni. Da sama ta washe sai ya kwance kan na'urar ya naɗe shi cikin tsohon zanen Janet, ya ɗauki keke napep zuwa Sabon Gari wurin Amaechi mai gyaran rediyo.

Amaechi haifaffen unguwar Muchia ne, Hausarsa ta fi ta wasu masu gadonta, kuma aƙidarsa ita ce duk abin da ke da waya a ciki ɗan'uwan rediyo ne. Shagonsa cike yake da talabijin da masu su suka daina tambaya.

"Baba Ticha! Wannan kuma fa? Injin markaɗe?"

Mordecai ya yi masa bayani. Amaechi ya saurara da girmamawa irin ta likitan da ya riga ya yanke shawarar yin tiyata. Ya kwance murfi, ya hura, ya goge da buroshin haƙori, ya kai hanci ya shinshina.

"Ba ƙauri. Ba abin da ya ƙone. Baba, lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya."

"Mai lafiya ce take kai ni tagar mutane?"

"To ai masu lafiyar ne ke zuwa." Ya mayar da murfin ya jona mata wuta. "Nuna mini yadda take yi."

Rimot ya farka ya fara tambayoyinsa. Babban yatsan Mordecai har ya hau kan “to”, sai wata mata ta faɗo shagon da fanka a kafaɗa tana cewa tun shekaranjiya aka ce ta dawo jiya. Amaechi ya juya ya shiga kare mutuncinsa. Mordecai ya tsaya da rimot a hannu ba abin yi. Da yake rana ce, kuma tabaraunsa na karatu suna hancinsa, abin da bai taɓa haɗuwa ba a tsakar gida, sai ya karanta abin da yake ta amsa wa “to” tun watan jiya.

Hamsin da bakwai, arewa. Biyu, yamma.

Ya ɗauka lambar kamfani ce. Ya sake dubawa. Sannan ya juya kan na'urar, ya ga ɗan ma'aunin da ke gefen wuyanta, wanda Brian ya ɗaure da noti ya bar shi yadda yake. Allurar tana kan hamsin da bakwai ita ma.

Shekara da shekaru yana zana ƙwallon duniya a allo, yana yanka ta da layuka, yana dukan tebur yana cewa Zariya tana kan digiri goma sha ɗaya arewa, duk wanda ya manta ya miƙo hannu. Ga shi inji ya yi ta tambayarsa da ladabi, kullum, “Har yanzu a Aberdeen muke?” shi kuma yana cewa to.

Ashe ba ta taɓa kuskure ba. In ya ce wata, takan nuna masa daidai inda wata yake ga wanda ke tsaye a bayan gidan Brian. A can, a wannan lokaci na shekara, rabin wata ba ya hawa sama, yana rarrafe ne ƙasa-ƙasa ta kudu, bisa rufin maƙwabta. Tagar Keziya tsautsayi ne kawai ya ajiye ta a hanya.

Da mai fanka ta tafi ya yi wa Amaechi bayani. Amaechi ya riƙe haɓa.

"Au, baƙunta ce ke damunta. Ai haka matata Nwamaka ta yi da na kawo ta daga gida, shekara guda in ta zauna kudu take fuskanta." Ya naɗe igiyar rimot ɗin. "To a gaya mata ta iso mana. In gyara?"

"Bari. Zan yi da kaina a gida."

"Mama fa, yaushe za mu gan ta?"

"Tana gaishe ka," in ji Mordecai, ya ɗauki kayansa.

A cikin keke, daga Sabon Gari har Palladan, yana rungume da ita a cinya cikin zanen da har yanzu yake ƙanshin akwatin Janet. Aikin minti biyu ne, ya sani: a sauya lambobi, a sassauta noti, a sauke wuya. Ya kafa ta a tsakar gida tun da sauran haske, ya sa tabarau, ya riƙe rimot. Da tambayar ta fito sai ya tsaya. Ya dubi agogo. A wannan watan agogonsu ɗaya da na can. Yanzu ta gama ba yaron abinci, tana wanke kwanoni a ɗakin girkin nan mai taga a kan famfo, wanda ya sha gani a bayanta cikin waya.

Ya danna “to”. Ya zaɓi wata. Bututun ya tashi, ya wuce wata na Samaru da ke tsaye a sama fes, ya gangara ya tsaya bisa labulen Keziya mai kauri. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun tafiyarta: shi ya buga.

"Lafiya?" ta ce, muryarta a tsorace. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kina kicin?"

"Ina kicin."

"Tagar nan taku kudu take kallo, ko?"

"Ni na san kudu a garin nan? Brian ya ce nan rana take bi, in ta ga dama ta fito."

"To leƙa. Kada ki ɗaga kai sama. Ƙasa-ƙasa, bisa rufin gidan da ke bayanku, kamar tsayin tafin hannu. Akwai rabin wata a wurin."

Ya ji ta rufe famfo. Ya ji ƙarar labule.

"Ba komai."

"Duba da kyau. Ɗan dama kaɗan."

"Baban Zibah, ba komai sai hadari. Hadarin ma ba irin namu ba, ba ya tsawa, ba ya zuba ya huta, yana nan dai kamar baƙon da ba shi da kuɗin mota." Ya ji ta saki labulen. "Rabona da ganin wata tun... ban ma sani ba. Taurari kuwa sai a hoton Brian. Ran nan na tuna kaza da 'ya'yanta, yadda suke fitowa ta bayan gwaba lokacin kaka. Na fita waje da bargo ina nema, Zibah ta ce in shigo kada maƙwabta su kira 'yan sanda."

"Sun kusa fara fitowa da wuri."

"Gwabar ta yi 'ya'ya?"

"Jemagu sun gode."

Ta yi 'yar dariya. Ya gaya mata abin da ya gano a shagon Amaechi, bai rage komai ba, har da digiri goma sha ɗaya. Ya jira ta yi masa tsiya, don ya cancanta. Ba ta yi ba.

"Wato duk kwanakin nan ni take nuna maka."

"Watanki dai."

"To. Watana."

A can bayanta yaron ya fara ƙananan kuka, wani ya ɗauke shi. Mordecai ya dubi bututun, wanda tun ɗazu yake tafiya a hankali, ba a ganin motsinsa sai dai a ji ɗan ƙuginsa, yana bin abin da babu mai gani a cikinsu.

"Nan yana sama sosai," ya ce. "Har duwatsun cikinsa ana gani. Ya kamata a ce kin gani."

"Ka turo hoto."

"Hoto ba ya nunawa."

"To ya za a yi?"

Ya gyara tabarau. Ya cire su. Ya ce wai ita Zibah, maganar takardun nan, ina aka kwana?

"Ranar Litinin za mu je." Muryarta ta sauka. "Malam, in tambaye ka. Da na haifi Zibah na tafi wanka gidanmu a Wusasa, kwana nawa ka yi kafin ka zo?"

"Wa zai tuna."

"Ni na tuna. Ko sati uku ba a yi ba sai ga ka a kan Vespa ta aro, wai ka zo duba ko muna buƙatar itace. Mama ta kore ka da muciya. Washegari ka dawo."

"Ƙuruciya ce."

"Ƙuruciya ce. Yanzu kuma ka ce in zauna har in gaji, kai ba yaro ba ne. A gaban mutane ka faɗa. Mace ta tafi wanka, ka taɓa ganin ta kwaso kaya ta dawo ba wanda ya zo ɗaukarta, ba wanda ya aiko? Kullum ina tambayarka ko akwai damuwa."

Sauro ya sauka a wuyansa, bai kore shi ba. A sama, labulen Keziya ya ɗan motsa.

"Janet," ya ce. Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a yi Zibah. "Vespa ba za ta kai ba. Ki dawo."

Ya ɗaga wayar ya duba ko layin ya yanke.

"Na ji," ta ce, sai ta ja hanci, ta ce sanyin garin nan ne. "Zan yi magana da Zibah. Ba ta da kowa a nan, ka sani, kuma ta koma aiki. Ba zan ce maka gobe ba."

"Ban ce gobe ba."

"Amma Litinin ɗin ba zan je ba." Ta sake jan hanci. "Kai kuma ka kau da abin nan daga tagar baiwar Allah, ta ƙara kirana ɗazu."

Da ta kashe, ya kunna tocila ya riƙe da haƙori. Ya goge hamsin da bakwai a rimot ya sa goma sha ɗaya, ya goge biyu yamma ya sa bakwai gabas. Sannan ya kama notin wuyan ya fara juyawa, allurar tana sauka da ƙyar, don ta daɗe a inda take. Ba da niyya ba ya ji yana kiran sunayen cikin ransa kamar a aji. Landan. Faris. Ta ratsa Sifen, ta tsallake teku, ga Aljas. Hannunsa ya gaji ya sauya. Ta shiga Sahara, ta yi ta tafiya ba gari ba ruwa.

Sai ya ji ƙwal. Dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi ya sauko har ya tokare ƙafar arewa, ba sauran wurin motsi. Waɗanda suka ƙera ta ba su yi tunanin akwai masu kallon sama a wannan gefen duniya ba. Ya haska ma'aunin. Goma sha bakwai.

Agadas.

Ya gwada ƙarfi, ta ƙi. Sai an yi mata ƙarin wuya na bututun ƙarfe tsakanin kai da ƙafafu, aikin mai walda, kuma akwai ɗaya a bayan shagon Amaechi da ba ya buɗewa sai ya ga dama. Mordecai ya cire tocilar daga bakinsa, ya zauna a kujerar roba. Daga Agadas zuwa Zariya ai ba nisa, ya sha nuna wa yara a taswira, ɗan yatsa ɗaya ne ya rufe tsakaninsu. Ya jawo zanen ya lulluɓe ta saboda raɓa, ya gyara gefen da ya zame, ya ci gaba da zama yana kallon bayan gwaba.